Bakin Bahaushe da Abincin Italiya

Yaranmu da suka tafi karatu manyan birane suna komowa gida da sunayen abinci waɗanda kakanninsu ba su taɓa ji ba. Wannan ya ce fiza, wancan ya ce biza, na uku ya yi musu dariya. Iyaye kuwa sai su yi shiru don kunya. To, ga albishir. Wanda ya iya karatun Hausa da boko ya fi mutumin Ingila sauƙin faɗin sunayen abincin Italiya da na Sifen, muddin bai karanta su da bakin Turanci ba.

Ga dalili. Wasulansu a rubuce biyar ne, a, e, i, o, u, kuma suna faɗinsu kusan yadda muke faɗi. Ban da haka, Italiyawa suna ninka baƙi kamar mu. Kowane yaro ya san baba dabam, babba dabam. Haka nan spaghetti: a danna t sau biyu, h ɗin kuwa ba a faɗinsa, yana nan ne domin g ya tsaya kamar na gero. Pizza kuma pittsa ce. Akwai wata gajeriyar taliya mai rami da ake kira penne, wato alƙaluma, saboda an yanke bakinta a karkace. A nan sai a yi hankali ƙwarai. In aka sauke n ɗaya, kalmar ta koma wadda ba a faɗi gaban surukai.

Ita kanta taliyar da muke ci da wake, mutane da yawa suna ganin daga sunan Italiya ta samo nata. Ashe mun daɗe muna yin Italiyanci a madafa.

Sauran kaɗan ne. Ch nasu k ne, saboda haka bruschetta, gasasshen burodi da aka goga wa tafarnuwa aka zuba mai, brusketta ce. Gn kuwa ny ne kamar a hanya: lasagne lazanye, gnocchi nyokki. C in ta zo gaban i ko e, irin tamu ce ta ciki da cokali. Burodin nan ciabatta, wanda aka fara yi a Italiya a 1982, cabatta ake ce da shi, ma'anarsa silifa, don ya yi kama da ita. Ba mu ga laifin mai toyawa ba, ya faɗi gaskiya.

Mu haye zuwa Sifen, ƙasar da Manzo Bulus ya yi niyyar zuwa bayan ya biya ta Roma (Romawa 15). A can ll yawanci y ne. Paella, shinkafar Balensiya da ta ɗauki sunan faffaɗan kaskon da ake dafa ta, pa'eya ce. Tortilla tortiya ce, amma a Sifen wainar ƙwai da dankali ake nufi, a Meziko kuwa gurasar masara ko alkama.

Wani zai ce, mene ne na damuwa, tun da ciki bai san suna ba? Muna da amsa biyu. Ta fari, mu da muke sujada da Hausa, Angas da Tangale da Birom da Bajju a benci ɗaya, mun san zafin dariyar da ake yi wa bakin mutum. Littafin Mahukunta sura 12 ya ba da labarin mutanen Ifraimu 42,000 da aka kashe a mashigin Urdun, an gane su domin sun kasa faɗin sh a kalma guda. Yaron da ya koyi faɗin pittsa ya koya wa kakarsa a hankali, kada ya mai da ita abin wasa.

Ta biyu ta shafi maƙwabta. J na Sifen kamar h ne mai kauri daga maƙogwaro, don haka jamón hamon ne, naman alade ne kuwa. Haka chorizo, wanda ch ɗinsa c ne irin namu, da prosciutto na Italiya, wato proshutto. Wanda ya kai abokinsa Musulmi gidan abinci, ya ga ɗaya daga cikin ukun nan a takarda, ya gaya masa tun kafin mai kawo abinci ya juya baya.