Kwarjini Ba Jiniya Ba Ne

Maroƙan zamani sun zubar da darajar kalmar kwarjini. Duk wanda ya sa riga mai aska takwas, ya taho da jiniya da 'yan sanda, sai su ce mai kwarjini ne. Ni dai ban yarda ba.

Mai farin jini rububinsa ake yi. Mai kwarjini kuwa, ka shiryo maganarka tun daga gida, kuna haɗa ido bakinka ya mutu.

Malam Aminu Kano ba ƙato ba ne, farar rigarsa ba ado, amma har ya rasu a 1983 sarakuna da masu mulki suna shakkarsa. Faɗin gaskiya ne ya ba shi wannan. 'Yan siyasarmu, ku riƙe gaskiya, ku bar mana hayaniya.