Gawayin Bakin Hanya da Dajin Nimbia

Matafiyin da ya tashi daga Kafanchan ya nufi Jos ta Gidan Waya ba zai rasa ganin buhunan gawayi jere a bakin titi ba, suna jiran motocin birni. Kowane buhu bishiya ce da ta faɗi, galibi kirya ko kaɗanya, domin su ne gawayinsu ke daɗe yana ci.

Mutanen wannan yanki sukan ɗauka cewa maganar dashen itatuwa ta mutanen Daura ce da Nguru, masu fama da Hamada. Lalle ruwan sama bai yi wa ƙasar Jema'a rowa ba. Amma yawan ruwan nan shi ne abin tsoro. Idan aka aske gangaren dutse, ruwan Agusta sai ya kwashe ƙasar noma ya zuba a rafi, ya bar kwazazzabo. Da rani kuma rafin ya ƙafe da wuri, mata su ƙara nisa wajen ɗebo ruwa.

Ba wai yankin bai san aikin gandun daji ba. Tun a 1957, zamanin En'e, aka fara dasa itacen tik a Dajin Nimbia, gaba kaɗan da Gidan Waya. Waɗanda suka dasa shi sun san sai bayan shekaru masu yawa za a yanka katako, duk da haka suka dasa, suka kuma tsare shi daga wuta. To, nan ne gizo ke saƙar. Dashe a watan Yuli aikin yini guda ne. Abin da ke kashe shuka shi ne gobarar daji lokacin hunturu, da awaki, da rashin mai ita.

Mai ƙona gawayi ba don mugunta yake yi ba. Tsadar kananzir da iskar gas ta mai da gidaje da yawa kan murhu, shi kuma yana da kuɗin makaranta a wuyansa. Hana shi da baki ba zai yi ba, sai dai a ba shi irin malaina mai saurin girma ya dasa a gefen gonarsa, ya riƙa sara daga nan.

Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya tana yaye malamai kowace shekara. Da za a ɗora wa kowane ɗalibi rainon bishiya biyar har ya gama, a share musu layin tare wuta kafin Disamba, da sun tafi ƙauyukan da za su koyar da sanin yadda ake yi.