Kyamarar farko ba ta cancanci cin bashi ba

Tun da aka saki naira ta nemo wa kanta daraja a watan Yunin 2023, farashin kayan waje ya yi tashin gwauron zabi, har da kyamara. Duk da haka, matasan ma'aikata da hadiman manya da aka ɗora wa ɗaukar hotunan taro suna karɓar rance a ƙungiyar adashen ofis domin su sayi sabuwa dal. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, wannan ɓarna ce.

Mai koyo ba ya bukatar kayan ƙwararre. Nikon D3500 ko Canon 2000D ta hannu, kowacce mai megafiksel 24, ta wadatar da hoton jarida da na Facebook. Kamfanonin sun karkata ga kyamarori marasa madubi, shi ya sa irin waɗannan tsofaffin suka fi araha.

Rarar kuɗin a zuba ta a gilashin 50mm f/1.8, domin yana ɗibar haske sosai, zaurukan taronmu kuwa ba kasafai haske yake isarsu ba. Kafin a biya, a Banex ne ko a wani wuri, a duba adadin hotunan da aka ɗauka da ita, a haska gilashin ko akwai fumfuna, a gwada batiri.

Gaskiya ne sabuwa tana da garanti, amma ba garanti ke koya wa mutum sarrafa haske ba, bashin kuma wata-wata za a riƙa zaftare shi daga albashi. A fara da ƙaramar. In hannu ya faɗa, aikin da kansa zai sayi babbar.