Mu Hau Dutse Mu Ga Inda Ruwanmu Yake Fitowa

'Yan'uwa manoma, akwai wata al'ada da muka daɗe muna yi wa dariya. Mutum ya goya jaka, ya kama sanda, ya yini yana hawan dutse, dare ya yi ya kafa tanti ya kwana cikin sanyi, gari ya waye ya ci gaba. Mukan ce wannan aikin Turawa ne da waɗanda ba su da gona. Mu ma haka muke faɗi, har ran da muka bi masu irin wannan tafiya zuwa Gangirwal. Yanzu mun sake ra'ayi. A ganinmu manomi ya fi kowa bukatar wannan tafiya.

Gangirwal, wanda ake kira Chappal Waddi, shi ne dutse mafi tsawo a Nijeriya. Tsawonsa mita 2,419 ne, wato kusan ƙafa 8,000. Yana Jihar Taraba, a bakin iyakar Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti wanda aka kafa a 1991. Sai da muka karɓi izini a ofishin gandun a Serti, aka haɗa mu da ja-gora. Mota ta hau da mu tudun Mambila, babur ya ƙara da mu gaba, saura kuwa sai ƙafa.

Mun tashi da asuba, kowa da gorarsa da guzurinsa da bargo. Lokacin rani ne. Kafin hantsi mun ƙetare tudu bayan tudu, duk ciyawa, shanu suna kiwo nan da can. Amma duk inda muka gangara kwari mai kurmi, sai mu ji ƙarar ruwa. Muka tsuguna muka tura hannu ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, sai ga ƙasa baƙa, mai laima, kamar jiya aka yi ruwa. Nan muka cika gorunanmu.

Da azahar muka iso wani gangare da wuta ta cinye. Itatuwan bakin kurmin sun ƙone, sun tsaya baƙi ƙirin. Ƙoramar da ke wurin ta ƙafe, sai yashi da duwatsu. Hanyar shanu kuma ta zama kwazazzabo, har ya kai mutum ƙugu. Tsakanin kwari mai ruwa da wannan busasshen bai kai tafiyar sa'a guda ba. Dutse ɗaya ne, ruwan sama ɗaya suke samu. Bambancinsu shi ne itatuwa.

Da la'asar sakaliya muka yada zango, ƙafafu sun yi nauyi. Muka share wuri, muka kewaye murhu da duwatsu, muka dafa shayi. Sanyin daren ba a magana, gama duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Da safe hazo ya rufe ko'ina, tanti ya jiƙe sharkaf da raɓa, ganyaye suna ɗigo. Kafin mu tashi muka kashe wutarmu da ruwa, muka tabbata ba sauran garwashi.

To, ina ruwan manomin fadama da wannan labari? Ruwansa ne ƙwarai. Ƙoramun waɗannan duwatsu su ne suke haɗuwa su zama koguna irin su Kam da Gashaka, su zuba cikin kogin Taraba, shi kuma ya zuba cikin Binuwai. Kurmi kamar soso yake. Yakan sha ruwan damina, ya riƙa sakinsa kaɗan kaɗan har rani. Idan aka sare shi ko aka ƙone, ruwan sai ya gangaro gaba ɗaya, ya kwashe ƙasa mai kyau, ya binne gonakin kwari da yashi. Rani na yi kuma, mai lambu ya rasa abin ban ruwa. Haka yake ga kowane rafi, ko da ƙaramin da ke bayan ƙauyenmu ne.

Kada mu yi saurin ɗora wa makiyaya laifin duka. Gaskiya ne sukan sa wuta domin sabuwar ciyawa ta tsiro. Amma wa ke ƙona daji don farautar gafiya? Wa ke yin gawayi? Wa ke nome gangare har bakin maɓuɓɓuga? Mu ne.

Wani zai ce ba shi da lokaci, ba shi da kuɗin zuwa Taraba. Ai ba mu ce kowa ya je Gangirwal ba. Shawararmu ga kowace ƙungiya ita ce: bayan an gama girbi, a zaɓi mutum biyar ko shida, har da matasa da mata masu ɗiban ruwa, su bi rafin garinsu da ƙafa har inda ya faro. A sanar da mai gari, a tambayi lafiyar hanya, a gayyaci arɗo ko wakilinsa. In da nisa, kuma wurin lafiya lau ne, a kwana can. A duba inda aka sare, da inda wuta ta ci, da inda ƙasa ta zaizaye. A dawo a ba da labari a gaban taro.

Daga nan aiki ya samu. A share hanyar tare wuta kewaye da kurmin kafin iskar hunturu. A bar noma a bakin idon ruwa. A dasa itatuwan gida a wurin, ban da itacen turare, domin yana shan ruwa da yawa. A gangare kuma a jera duwatsu ko a dasa jema a gicciye, don ruwa ya rage gudu.

Mun sha jin waɗannan a bakin malaman gona, muka gyaɗa kai, muka manta. Amma busasshiyar ƙoramar nan ba ta fita daga ranmu ba. Gani ya kori ji. Bana, kafin mu sayi sabon injin ban ruwa, mu fara zuwa mu duba ko ruwan da zai ja yana nan.