Fim Ba Shi Ne Ɗan Bindiga Ba

A ranar 3 ga Agustan 2022, Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta ci tarar gidan talabijin na Trust TV da ke Utako a Abuja naira miliyan 5. Laifinsa shi ne ya nuna wani fim na binciken ƙwaƙwaf kan 'yan bindigar Arewa maso Yamma a watan Maris na shekarar. Haka kuma hukumar ta ci kamfanonin Multichoice da TSTV da Startimes tarar miliyan biyar-biyar saboda sun nuna fim ɗin sashen binciken BBC kan jagororin 'yan bindigar Zamfara. Ministan yaɗa labarai na lokacin, Alhaji Lai Mohammed, ya ce finafinan suna kambama ta'addanci.

Ya kamata a tuna halin da ƙasa take ciki a lokacin. A ranar 28 ga Maris 'yan ta'adda suka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, kuma ranar da aka yanke tarar akwai sauran fasinjoji a daji. A ranar 5 ga Yuli aka fasa gidan yarin Kuje, a cikin Babban Birnin Tarayya. Mutanen Zamfara da Katsina da Sakkwato ba fim ne ya sanar da su cewa ana biyan haraji ga 'yan bindiga kafin a shiga gona ba. Abin da finafinan suka yi shi ne kai wannan labari falon masu mulki. Maimakon a amsa tambayoyin da suka tayar, sai aka bar jaki ana dukan taiki.

Wannan ɗabi'a gado ce daga mulkin soja. Gwamnatin soja ce ta haɗe gidajen talabijin na jihohi ta kafa NTA a 1977, kuma har zuwa 1992 babu mai ikon buɗe gidan rediyo ko talabijin sai gwamnati. Dokar soja mai lamba 38 ta 1992, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, ita ce ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, ita ce kuma ta haifi NBC. Hukumar tace finafinai ta ƙasa ta biyo baya a 1993. An koma mulkin farar hula a 1999, amma tsarin da aka gina domin kare mai mulki daga suka bai sauya ba: har yau shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabannin NBC da NTA, kuma hukumomin biyu suna ƙarƙashin ma'aikatar yaɗa labarai.

Masu shekaru ba su manta da yadda NTA ta zama kakakin Janar Sani Abacha ba, musamman a watan Maris na 1998 da aka tara jama'a a Abuja ana roƙonsa ya zarce. Ba su kuma manta cewa Ken Saro-Wiwa, wanda wasansa na barkwanci Basi and Company ya yi tashe a NTA a shekarun 1980 yana zolayar masu neman kuɗi dare ɗaya, gwamnatin soja ce ta rataye shi a ranar 10 ga Nuwamban 1995. Gwamnatin kama-karya takan ƙyale wasan da ke zagin halin talaka. Wanda ya taɓa mai mulki shi ne ba ya ganin allo.

Abin takaici shi ne gwamnatocin da aka zaɓa sun ci gaba da wannan hali. A 2014 hukumar tace finafinai ta riƙe fim ɗin Half of a Yellow Sun na Biyi Bandele, fim ɗin da ya taɓo batun yaƙin basasa, daga Afrilu har zuwa Yuli, bayan an riga an nuna shi a ƙasashen waje. A Yunin 2019 NBC ta dakatar da lasisin AIT da Raypower. A Oktoban 2020 ta ci tarar AIT da Channels da Arise kan rahotannin zanga-zangar EndSARS. A Afrilun 2025 ta hana sanya waƙar Eedris Abdulkareem mai sukar tsadar rayuwa. Jam'iyyar da ke mulki ta sauya a 2015, sandan dukan bai sauya ba. A Kano ma 'yan fim sun ɗanɗana kuɗarsu, inda aka ɗaure Hamisu Lamido Iyan-Tama a Disamban 2008 kan fim ɗinsa Tsintsiya.

Ba mu ce a bar kafafen yaɗa labarai kara zube ba. Duniya ta ga ɓarnar da gidan rediyon RTLM ya yi a kisan kiyashin Ruwanda a 1994, kuma ƙasa mai addinai da ƙabilu da yawa irin tamu tana buƙatar ƙa'ida kan tunzura jama'a. Ana iya yin muhawara mai ma'ana kan ko ya dace a bai wa ɗan bindiga makirufo, da tsawon lokacin da za a ba shi. Amma wurin yanke hukunci kan hakan kotu ce, inda za a saurari kowane ɓangare. Hukumar da gwamnati ta naɗa ba za ta zama mai ƙara, mai shaida, kuma alƙali a shari'ar da gwamnatin ce ake suka ba.

Kotu ma ta faɗi haka. A watan Mayun 2023, Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya soke tarar naira 500,000 da NBC ta ɗora wa kowane ɗaya daga gidaje 45 a 2019, ya kuma ce hukumar ba kotu ba ce, don haka ba ta da hurumin cin tara. A Janairun 2024 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke tarar da aka ci Trust TV da sauran kamfanonin uku. Ƙungiyar Media Rights Agenda ce ta shigar da ƙararrakin biyu. Sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya tabbatar da 'yancin faɗar albarkacin baki, sashe na 22 kuma ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai nauyin bin diddigin gwamnati.

Sai dai illar ba ta tsaya ga tara ba. Editan da ya ga an ci maƙwabcinsa miliyan 5 zai ajiye fim ɗin a aljihun tebur tun kafin a kira shi. Furodusa a Kano ko Kaduna zai gwammace labarin kishiya da na satar kuɗin ƙaramar hukuma. Ita kuwa gwamnati tana yin asara biyu: ta rasa hanyar jin gaskiya, jama'a kuma su koma YouTube da WhatsApp, inda fim ɗin da aka hana yake samun masu kallo fiye da da, inda kuma ƙarya take yawo babu mai tantancewa.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta gyara dokar NBC, ta yadda naɗa shugabanninta da cire su zai buƙaci amincewar Majalisar Dattawa, a kuma mayar da ikon hukunci hannun kotu a fili. A mayar da NTA gidan talabijin na al'umma mai hukumar gudanarwa mai zaman kanta, domin da harajin ɗan adawa da na ɗan gwamnati ake tafiyar da ita. Hukumomin tace finafinai, na tarayya da na jihohi, su tsaya ga rarraba finafinai bisa shekarun masu kallo da kare yara, su kuma bayyana dalilinsu a rubuce duk lokacin da suka hana wani fim.

Idan gwamnati tana ganin wani fim ya yi mata ƙarya, ta fito da hujja, ko ta tafi kotu. Idan kuwa gaskiya ya faɗa, aikin da ke gabanta shi ne gyara abin da ya nuna.