Ƙona Daji da Zazzaɓin Lassa

A 1969 aka gano zazzaɓin Lassa a garin Lassa, cikin Jihar Barno ta yanzu. Wani irin ɓera ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari kan abinci, kuma cutar ta fi ƙamari da rani.

A ganinmu, mu ne ke koro ɓeran zuwa rumbunanmu. Ana ƙona daji, ana sare itatuwa, ana kashe mujiya da macizan da ke cinsa. Ga damina ta daina tsayawa kan lokacinta, abinci ya ƙaranta a dawa. To, ina zai nufa in ba gida ba?

Ma'aikatar Lafiya ita kaɗai ba za ta iya ba. Wajibi ne hakimai da ma'aikatan gandun daji su hana ƙona daji tun kaka, a kuma daina shanya hatsi a bakin titi.