Gargaɗi Ga Masu Ɗaukar Alkawari a Watan Cika-ciki

Ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai na Talata Mafara da Bakura da Maradun, ku sani watan Muharram shi ne ƙofar shekara, tun da Sayyidina Umar ya ɗora lissafi a kan Hijira, wadda ta auku a 622 ta Miladiyya. Idan ya kama, sai ka ji wannan ya ce bana zai haddace Alƙur'ani, wancan ya ce zai biya bashi duka, wani ya ce ya bar gulma har abada. Kafin Safar ya fita, allo ya yi ƙura.

To, ku rarrabe abu uku. Niyya a zuci ba ta da kaffara. Bakance na ɗa'a, idan baki ya furta shi, ya zama wajibi. Rantsuwa da Allah kuwa, wanda ya karya ta sai ya ciyar da miskinai 10 ko ya tufatar da su, in bai samu ba ya yi azumin kwana 3. Saboda haka muna hana ku rantsuwa cikin zumuɗin sabuwar shekara, don alkawari kaya ne.

Abin da ya fi, ku yi awo. Shekara kwana 354 ce. A fitar da Alhamis da Juma'a, saura kamar 250. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8. Almajirin da ya riƙe sumuni ɗaya kowane kwana biyu, zai fita shekara da izu 15, cikin shekara 4 ya kai ƙarshe. Wanda ya ce sai duka a bana, sau da yawa ko izu ɗaya ba ya zama a kansa. Haka mai bashi: ya yanka abin da zai kai kowace Talata, ranar kasuwar Mafara, ya riƙa kaiwa ko kaɗan ne.

Ku dubi madatsar Bakalori da aka gama a 1978. Da ruwan damina take cika sannu a hankali, sa'an nan ta shayar da shinkafa cikin rani. Manomin da ya ba gonarsa ruwan wata guda a rana ɗaya, ya bar ta sauran kwanaki, ba shi da girbi.

Shawararmu ita ce: kowa ya zaɓi abu ɗaya, ya rubuta a takarda, ya gaya wa malaminsa ko abokin karatunsa, don a riƙa tambayarsa kowace Laraba. Mai tafiya cin rani ya tafi da allonsa. Wanda ya yi fashi, ya ci gaba washegari, kada ya jira wani Muharram, gama ba wanda aka ba takardar ganinsa. Malamai kuma su fara da kansu, don almajiri da ido yake koyo.

Allah ya ba mu ikon cikawa. Amin. Haza wasalam.